Mun Tafi Karɓo Takardar Safiya Mu Uku, Na Dawo Ni Kaɗai

Tun ranar da na dawo ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a bakin rumfata a tambaye ni, a ajinmu na yaƙi da jahilci kuwa sai da Malama Rifkatu ta ajiye alli saboda surutun da ake yi a kaina. Wani ya ce an kwantar da matata a asibiti, wani ya ce yaji ta yi, mai gawayin layinmu kuma ya rantse an gan ni ina kuka a gadar Nyanya. Hayaƙin mota ne, amma za mu zo wurin. Malama ta ce tunda hannuna ya fara faɗawa, in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta a bar ni in sha iska. Sati biyu na yi ina rubutawa ina gogewa. Wanda ya ji dariya ya yi, ni ma na riga na yi wa kaina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sale, takalman gwanjo nake sayarwa a bakin titin Jikwoyi. Aikina tun ina saurayi shi ne a farke dila, a zube takalma tuli guda, in zauna in haɗa kowace ƙafa da 'yar'uwarta. Ana kirana daga Mararaba takanas don wannan. Ina alfahari da shi, har nakan ce ko idona a rufe ba zan haɗa ba daidai ba.

Matata Ladi Gbagyi ce, 'yar wani ƙauye bayan Karshi. 'Ya'yanmu uku sun taso garau. Ta huɗun ita ce Safiya, watanta goma sha shida, har yanzu ba ta zama sai an tokare ta. Wuyanta ya daɗe bai tsaya ba, jikinta da laushi, harshenta yakan leƙo waje. Dariya kuwa ta fi kowa a gidan.

A gidan akwai Yaya Hajara. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da mijinta ya rasu kuma ta dawo wurina. Ba na ɗaga ido in kalle ta, balle in yi mata musu. Tun Safiya na wata huɗu Yaya ta gano wa kanta dalili. Kun san matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. To Yaya ta ce itacen da Ladi ta riƙa ɗauka a kafaɗa da tsohon ciki shi ya karya wa yarinyar wuya tun a ciki. In wannan bai ishe ta ba sai ta ce abin a jininsu yake. Kullum sai ta faɗa, wajen tuwo, wajen wanki, gaban baƙi. Ni kuma in ce, “A yi haƙuri.” Ban taɓa faɗar wa nake nufi ba. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce, rabin zuciyata ta yarda da Yaya.

Wata nas a ƙaramin asibitin unguwa ce ta tura Ladi wani babban asibiti a cikin gari, aka ɗebi jinin yarinyar. Ban je ba, na ce akwai kasuwa. Bayan sati uku aka aiko cewa sakamako ya fito, ranar Laraba ƙarfe takwas na safe, kuma uwa da uba ake son gani.

Ranar Litinin Ladi tana tankaɗe ta ce mini, ko kallona ba ta yi ba, “Baban Musa, in takardan nan ya ce ni ne, ba zan dawo gidan nan ba. Zan ɗauki 'yata in tafi wurin mutanena. Na gaji.”

Na ce, “A yi haƙuri.”

Ta ce, “Na san za ka faɗi haka.”

Wanda ya san cunkoson Nyanya da safe ya san ba a yi wa likita alkawarin ƙarfe takwas daga Jikwoyi. Sai muka shirya mu tafi ranar Talata, mu kwana a Karmo wurin Danjuma, yayan Ladi. Shekarata goma sha ɗaya a Jikwoyi, in aka tambaye ni a garinmu in ce ina Abuja, amma shigata cikin garin bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Na sa babbar rigata ta Sallah. Na kuma ce ba a zuwa gidan suruki hannu rabbana, na shiga rumfa a gurguje na zaɓo wa Danjuma baƙaƙen takalma na fata masu kyau, na jefa a buhu tare da silifas na matarsa.

Keke ya kai mu Nyanya, daga nan muka shiga bas mai zuwa Wuse. Kwandastan ya dubi rigata ya ce, “Alhaji, ɗaura aure ne? Tattara rigan nan, kujeran mutum biyu ya ci.” Na tattare ta a cinya kamar mai riƙon jariri, Ladi da ainihin jaririn ta zauna a gefe.

Mun yi awa biyu kafin mu hau tudun Kugbo. Ni a wurina nan ce iyakar ƙasa, tsakanin Abujarmu ta ƙura da kwata da Abujarsu ta fitilu da furanni. Akwai sojoji a wurin, akwai kuma doka da kowa ya sani ban da ni: in an zo shingen ba a waya. Daidai nan Yaya ta kira. Na ɗauka, don ban taɓa ƙin ɗaukar kiranta ba.

“Sale, ka tabbata sun rubuta a takarda. Kar ka yarda da maganar baki. A rubuta ko daga wa ne.”

Motar gaba ɗaya ta ɗauka, “Kashe waya! Oga, kashe waya!” Wata mata ta bayana ta miƙo hannu ta dafe mini baki. Ni ga Yaya a kunne, ga soja a taga, ban san wanda na fi tsoro ba. Sojan ya leƙo, ya dube ni, ya dubi rigar, sai Safiya ta washe masa baki ta kama bakin hannun rigarsa. Ya yi dariya ya ce, “Madam ƙarama, yaya hanya?” ya buga motar muka wuce. Yarinyar da za mu je a duba mata lafiya ita ta fitar da ubanta a iyaka.

Ladi ta ji abin da Yaya ta ce, don wayata ba ta da sirri.

A Wuse na ga abin da ya ba ni mamaki. Mutane sun fi na kasuwar Mararaba yawa, amma ba mai gaida wani. Na yi wa mutum uku sallama don in tambayi inda ake shiga motar Karmo, biyu suka wuce, na ukun ya ce, “Allah ya ba da haƙuri,” ya ɗauka bara nake. Da babbar rigar Sallah fa. Ladi ce ta ja ni, ashe ta san wurin.

Kafin in taso abokai sun cika mini kunne da labarin 'yan wan cans, ɓarayin da ke yin kamar direba da fasinja su kwashe mutum. Don haka da muka shiga tasi kore da fari, sai na hau binciken fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Na kalli direba, na kalli wani mai jaka, na kalli matar da ke gaba, na sake kallon direba, hannuna na kan murfin ƙofa. Ba mu yi nisa ba matar ta ce, “Direba, tsaya, zan sauka. Mutumin nan tun ɗazu yana kallon mu, ga buhu a ƙafanshi.” Mai jakar ya ce shi ma. Sai da na kwance buhun kowa ya ga takalma kafin aka ci gaba da tafiya. Nan ne kawai na ji Ladi ta yi dariya a ranar, ta rufe baki da zanin goyo kafaɗunta na rawa.

Mun isa Karmo da la'asar. Lungunan sun fi na Jikwoyi matsi, sai ka bi ta ƙofar ɗakin wani kafin ka kai na wani. Danjuma walda yake yi, ƙato ne mai babbar murya, Kirista ne shi da iyalinsa, amma kafin in zauna ya kawo mini buta da sabuwar tabarma, ya duba waya ya nuna mini alƙibla. Mahaifiyarsu ma tana nan, ta zo daga ƙauye jinyar ƙafa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta karɓi Safiya, ta shinshina rigata ta faɗi wata magana da Gbagyi.

Na tambayi Danjuma me ta ce.

Ya ce, “Mama ya ce warin maganin da ake sa wa kayan gwanjo ne ya shiga jikinka, shi ne ya taɓa yarinyan.”

Ashe su ma suna da nasu likitan a gida. Shekara guda ina zaton shari'ar Ladi ake yi, ban san ni ma an daɗe da yanke mini hukunci a Karshi ba.

Don in gyara zama sai na jawo buhu na miƙa tsaraba. Danjuma ya ji daɗi, ya goge ƙafa, ya sa ɗaya ta zauna cif. Ya ɗauki ɗayar, ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ɗaga su biyun sama yadda kowa zai gani.

“Suruki, ƙafan hagu biyu ka ga ina da shi?”

Iri ɗaya, launi ɗaya, lamba ɗaya, duka na hagu. Ni Sale, da ake kira daga Mararaba. Matarsa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Mama ta nemi a fassara mata, aka fassara, ita ma ta yi. Na ce gaggawa ce. Danjuma ya ce ba komai, zai riƙa sa ɗaya yau ɗaya gobe.

Sai abinci. Aka kawo sakwara mai tururi da miyar agushi, har da kifi banda. Tun koko da ƙosan safe ban sa komai a ciki ba. Amma a garinmu mutum ba ya zama gaban surukarsa ya buɗe baki ya ci abinci. Ana cewa an ƙoshi, a matsa maka, ka ƙi, a sake matsawa, sannan a kai maka wani ɗaki ka cinye har ka suɗe kwano. Don haka na ce, “Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake.”

Matar Danjuma ta ce, “To,” ta ɗauke kwanon.

Shi ke nan. Ba wanda ya matsa. Su a wurinsu in babba ya ce ya ƙoshi, ya ƙoshi. Suka yi addu'arsu suka ci, ina zaune ina jin ƙarar haɗiyar kowa. Ladi ta san al'adarmu sarai, ta kalle ni sau ɗaya ta ci gaba da cin kifinta. Na fahimci saƙon. Wanda bai iya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa ba, ga ladansa.

Bayan magariba Danjuma ya raka ni shagon waldarsa inda aka shimfiɗa mini katifa. A hanya ya daina wasa. Ya ce, “Suruki, kai mutumin kirki ne, ba ka duka, ba ka zagi. Amma ƙanwata ya rame. Gobe in ta ce ba za ta koma ba, ni ba zan kore ta ba. Ka ji na gaya maka.” Na ce na ji. Na kwana tsakanin ƙyamaren ƙarfe da yunwa.

Ƙarfe bakwai da rabi muna asibitin. Ba zan cika ku da labarin ginin ba, sai dai ƙofar gilashi ce da ke buɗe kanta, na ja da baya na ba wanda ya buɗe hanya, babu kowa. A teburin farko aka miƙo fom. Ladi ba ta karatu, yarinyar teburin ta ce in kawo ta cike mana. Na ce a'a, ina zuwa makaranta. Na zauna na rubuta sunana, sunan Ladi, sunan Safiya, unguwa da sana'a, harafi bayan harafi, gumi na ɗiga a kan takardar duk da sanyin na'ura. Da na gama, mutum shida da suka zo bayanmu sun riga sun shiga. Malama Rifkatu, ki sani dai ban dangwala yatsa ba.

Likitar mace ce, ba ta kai Ladi shekaru ba, 'yar Filato, Hausarta irin ta Jos. Ta yi wa Safiya wasa tukuna, sannan ta ɗauko wata takarda mai hoto ta ajiye a gabanmu. Wasu 'yan guntayen abubuwa ne kamar tsutsotsi masu zane, an jera su layi-layi, kowanne da lamba a ƙasa.

Ta ce jikin mutum gaba ɗaya an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai waɗannan abubuwan, sunansu kuromosom, su ke ɗauke da gadon da yaro ke samu, kamanni, tsawo, launin fata da sauransu. Guda arba'in da shida ne, ashirin da uku daga uwa, ashirin da uku daga uba.

Ta ce, “Baba, me kake gani?”

Ban san lokacin da na jawo takardar gabana ba. An jera su bibbiyu, manya a sama, ƙanana a ƙasa, kowanne da ɗan'uwansa daidai tsawonsa. Wannan ai aikina ne. Na bi da yatsa, ɗaya, biyu, uku, duk sun haɗu. Na sauko layin ƙasa, na tsaya.

Na ce, “Likita, nan ƙafa uku ce. Lamba ashirin da ɗaya.”

Ta dube ni da kyau. Ta ce ɗalibai ma sukan ɗauki lokaci kafin su gani. Ta tambayi sana'ata, na faɗa, ta yi dariya ta ce to na riga na gane rabin bayanin. Safiya arba'in da bakwai gare ta. Wannan guda ɗayan da ya ƙaru shi ya kawo laushin jiki da jinkirin zama. Sunan abin Dawun sindirom. Ta ce za ta zauna, za ta yi tafiya, za ta yi magana, za ta iya zuwa makaranta, sai dai komai nata a hankali zai zo, kuma tana buƙatar a riƙa duba zuciyarta da idonta da kunnenta da maƙogwaronta lokaci-lokaci.

Sai na yi tambayar da har yanzu in na tuna nake jin kunya. A wurinmu in ƙafa ta yi rara a dila, warewa ake a jefa a wani buhu. Na ce, “To tunda an gan shi, ba sai a cire ba?”

Ba ta yi mini dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce ba a wuri ɗaya yake ba. Yana cikin ƙwayoyin jikinta ko'ina, a jini, a fata, a ido, a ƙashi. Da shi aka gina ta. Ba ciwo ba ne da za a yanke, haka Safiya take.

Wayata ta fara rawa a aljihu, na san ko wace ce. Ladi ta zauna a miƙe, ta ƙura wa bango ido. Ni kuma, maimakon in bar zancen nan, sai na buɗe baki na isar da aiken Yaya.

“Likita, na ukun nan, daga wa ya fito? Ni ko ita?”

Likitar ta ajiye biro. Ta ce wannan takardar ba ta nuna haka. Ta ce ba za ta ɓoye mana ba, an fi samun rarar daga ƙwan mace, musamman in shekaru sun ɗan ja, amma yakan zo daga namiji ma, kuma mata masu ƙananan shekaru ma suna haifar irinta. Ta ce abin yana faruwa ne wajen rabo, lokacin da jiki ke raba arba'in da shidan nan gida biyu, sai biyu su manne su tafi tare. Tun kafin a san an yi ciki an gama.

Na ce, “Ɗaukar itace a kafaɗa fa?”

“Babu ruwansa.”

“Warin gwanjo?”

“Wane irin warin gwanjo kuma? Baba, ba abin da ta ci, ba abin da ta ɗauka, ba abin da ka shaƙa. Kai da kake haɗa takalma, ba ka taɓa kuskure ba?”

Ladi ta juyo ta kalle ni. Na ce, “Yakan faru.”

Daga nan aka tura mu hoton zuciya. A layin muka zauna kusa da wata mata gajeruwa sosai, na ɗauka yarinya ce sai da ta yi magana. Ta ce tela ce a Kubwa, shekararta talatin da biyu, duba zuciya ta zo yi kamar yadda ta saba. Ta karɓi Safiya ta tambayi abin da aka ce. Na ce arba'in da bakwai, ina faɗa kamar wanda ya daɗe da sani.

Ta ce, “Ni arba'in da biyar gare ni, ɗaya ne babu. Shi ya hana ni tsawo. Ke 'yar nan, ashe ke kika tafi da nawa? Kawo abina!” Safiya ta kama mata ɗankunne. Matar ta ce mahaifinta ya yi shekaru yana yawo da ita wurin masu magani kafin a gane. Ta ce mana, “Ku dai kar ku ɓoye ta a ɗaki.”

Zuciyar Safiya lafiya lau, alhamdu lillahi. Wata nas ta koya mana yadda za a riƙa kwantar da ita rub da ciki a tabarma kowace safiya, a riƙe wani abu mai launi a sama don ta ɗago kai, wuya da baya su yi ƙarfi. Ta ce uba ma ya koya. Na durƙusa da babbar riga a ƙasan asibiti ina kaɗa murfin roba.

Da azahar muka dawo Wuse. Na sayi gasasshiyar masara biyu na cinye a tsaye, ba kunyar kowa. Zuciyata wasai, a ganina an gama, takarda ba ta kama kowa ba. Ga motar Nyanya ana lodi, na nufe ta. Na waiga, Ladi ba ta biyo ni ba. Tana tsaye da goyo wajen motocin Karmo.

Na koma na ce, “Ga motarmu can.”

Ta ce, “Ka ji dai abin da ta ce. An fi samu daga mace.”

“Ta kuma ce ba laifin kowa ba ne. Ta ce takardar ba ta nuna ba.”

“Ni na ji. Yaya ne ba za ta ji ba. Kai kuma za ka ce a yi haƙuri.” Ta gyara goyo. “Baban Musa, ka ɗauka takarda nake jira? Shekara guda ana zagina a gabanka. Ko da ni ne, 'yarka ce, ni kuma matarka. Yau ma a gabana ka tambaya ko daga wa.”

Duk Jikwoyi an san ni da haƙuri, har misali ake yi da ni. A tashar nan na gane cewa haƙurin nawa Ladi ce take biyan kuɗinsa.

Ta ce, “Ka je ka karanta mata, tunda ka iya karatu yanzu. In ka gama ka kira ni.” Ta shiga mota. Safiya tana leƙe ta taga, tana yi wa kwandasta dariya.

Haka na dawo ni kaɗai. A gadar Nyanya na tsaya na ɗan jima. Mai gawayi, na ce hayaƙin mota ne, ka bar shi a haka.

Na sami Yaya a tsakar gida tana gyaran wake. Ta leƙa bayana ta ce, “Ina Bagwariyar? Takarda ta kama ta ko?”

Na durƙusa kamar yadda na saba, na shimfiɗa takardar a kan tabarma, na nuna mata layukan, na ƙirga mata har ashirin da ɗaya. Na faɗi duk abin da likita ta ce, har da maganar cewa an fi samu daga mace, don ban so in fara da ƙarya.

Yaya ta ce, “To ai ka ji.”

Na ce, “Ban gama ba, Yaya.”

Ta ɗago. Ban taɓa ce mata haka ba.

Abin da na faɗa bayan nan ba shi da tsari. Na ce babu sunan kowa a takardar. Na ce sunanta Ladi, ba Bagwariya ba. Na ce ita Yaya uwata ce, ba zan taɓa manta abin da ta yi mini ba, amma daga yau duk wanda ya sake cewa Ladi ta karya wa Safiya wuya, da ni yake, ko wane ne. Na kawo labarin matar Kubwa, na kawo na soja, har takalman Danjuma na tona wa kaina. Na maimaita wasu maganganun sau uku. Muryata ta riƙa sirancewa kamar ta ɗan akuya. Yara suka leƙo daga ɗaki, maƙwabciya ta daina daka. Yaya kuwa tana ta tsince wake.

Da na rasa abin ƙarawa sai na ciro waya na kira Ladi. Na ce, “Na karanta mata.”

Ta ce, “Ba ta in ji.”

Na miƙa wayar da hannu biyu. Yaya ta bar ni a haka har hannuna ya fara gajiya. Sannan ta goge hannu a zani ta karɓa.

“Ladi. Yarinyar ta ci abinci?” Ta saurara. “To. Ki dawo ki karɓi mijinki. Shekara arba'in da takwas ban taɓa jin ya haɗa magana biyar a jere ba, yau tun la'asar ya hana ni gyaran wake.”

Ba ta ce a yafe mata ba, kuma ban sa ran za ta ce ba. Ladi ma ba ta zo washegari ba, sai ranar Asabar, Danjuma ya rako ta. Na ba shi takalminsa na ƙafar dama, ya duba ta gaba da baya kafin ya karɓa.

Masu tambaya ko an warke, amsa ita ce ba a warkewa, kuma na daina neman a warke. Masu zuwa rumfa da sassafe su tarar ban buɗe ba, ku ƙara mini rabin awa. Ina gida a durƙushe, Safiya na rub da ciki a tabarma, ina kaɗa mata murfin roba. Ladi na bakin murhu. Yaya kuwa tana tsaye a kaina, tana cewa na ɗaga shi da yawa, in sauke hannu, in ba ta ita ta nuna mini yadda ake yi.